Mijin Ƙarshe

Mukayyif ɗin ɗakina, wato na'urar sanyi, shi ne ya haɗa mu. A tsakiyar bazara ya tsaya cik, a irin zafin nan na Madina da ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Matar yayana ta ce akwai wani dattijo a unguwarsu ta Jurf da ke gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, Bahaushe ne haifaffen nan kamar mu, matarsa ta rasu, kuma ba ya ha'inci. Na ce ta turo shi, ni dai in samu in yi barci.

A lokacin ina zawarci, na ɗan haura hamsin. A Harra ta Gabas aka haife ni, cikin gidan baƙin dutse da kakana ya gina bayan ya iso daga ƙasar Kano da ƙafa, kuma a nan nake har yau. Mijina na fari direban tankar ruwa ne, mutum mai shiru-shiru, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar da ya ga kunama kusa da ƙafata. Ya rasu 'yan shekaru kafin wannan labari, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. 'Ya'yanmu duk sun yi aure sun watse, sai autata da ke zaune a Aƙiƙ take leƙo ni, in yi mata Hausa ta amsa mini da Larabci. Sana'ata girkin biki: funkaso, waina, dambu, kunun gyaɗa, duk abin da mutanenmu ke marmari idan sun gaji da shinkafa da rago.

Mai gyara ya zo, siriri, gemu fari fat, da jakar kayan aiki da ta kusa fin shi nauyi. Ya gyara, autata ta miƙa masa shayi, ya sha ya tafi. Ba a jima ba mukayyif ya sake tsayawa. Ya dawo ya gyara, ya sha shayi. Zuwan da ya biyo baya da damin na'ana'a ya shigo, wai a gonar abokinsa aka ba shi. Na bayansa kuma da dabino ajwa. Autata ta dube ni ta ce ita fa ta kasa gane wanda ba shi da lafiya, na'urar ce ko mai gyaranta. Daga baya shi da bakinsa ya gaya mini cewa wata waya yake sassautawa duk zuwa, yadda za ta ɗan yi aiki sannan ta saki.

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi. Mace ta kai shekaruna, a ce wani yana lalata mata kaya don kawai ya ga fuskarta, ai abin a yi lalle ne. Hausarsa irin ta Damagaram ce, daga bakin uwarsa ya ɗauko ta, tana da wani zaƙi da ba a ji a bakin yaran yanzu. Ya je ya sami yayana, aka yi bincike ba a sami abin zargi ba, aka ɗaura aure ba tare da wani taro ba. Gidan da yake ciki ɗansa ne da iyalinsa suka cika shi, don haka shi ne ya tare a gidana. Ina ce masa Malam, yana ce mini Hajiya.

Watannin farko ban san inda zan sa kaina ba don daɗi. Daga sallar asuba zai biyo da burodin tamis mai zafi da ful, dafaffen waken nan na karin kumallo. Ya gyara famfo, ya gyara ƙofar soro, ya gyara har abin da bai lalace ba. Da yamma mu je gindin Uhudu mu shimfiɗa darduma, yana ba ni labarin yarintarsa, ina dariya har in riƙe ciki.

A kan shayi abin ya fara. Wata safiya na zuba masa sukari cokali biyu ba tare da na tambaye shi ba, sai ya ce ya aka yi na san biyu yake sha. Na ce hannuna ne ya saba. Ya ajiye kofin ya ce, da wa ya saba? Na ce da marigayi mana. Tun daga ranar ya koma shan cokali uku, ko da yake ina ganin yadda yake yatsina fuska. Kujerar da marigayi ke zama ya mayar da ita soro, wai rana za ta kashe mata ƙwari. Ya tambaye ni ɓangaren gadon da marigayi ke kwanciya, na ce dama, ya koma hagu. Kwana biyu ya dawo dama, wai me zai sa ya bar wa mutum wurinsa kamar ana jiran ya dawo.

Idan na idar da salla ina addu'a, sai in ji numfashinsa a bayan labule. Yana sauraron ko zan ambaci marigayi, kuma in na ambace shi, wa na fara ambata. Wata rana ya ce mini ya lura addu'ar marigayi ta fi tasa tsawo. Na ce Malam, shi yana kabari, kai kana cin tuwo, wa ya fi bukata? Ya ce ai mai rai ma yana cikin hatsari.

Ina da al'ada, in na je Harami da la'asar nakan tsaya a jikin shingen Baƙi'a in yi wa mutanen ciki sallama, tunda mata ba sa shiga. Ya bi ni wata Juma'a, ya tambaye ni daidai ina aka sa marigayi. Na ce ban sani ba, kaburburan can ba su da suna, dutse ne kawai a kan kowanne, babban ɗana dai ya taɓa nuna mini wajen gabas da hannu. Ya cire takalmi ya shiga. Na jira har ƙafafuna suka yi tsami. Ya fito yana gumi ya ce ya same shi, kuma sun yi magana irin ta maza. Na tambaye shi yadda ya gane kabarin a cikin dubbai, ya ce dutsen ne ya fi na kusa da shi ɗaga kai. Na ce ya ji tsoron Allah, wataƙila wani bawan Allah ne da ya zo ziyara daga wata ƙasa ajali ya same shi, ga shi an je an tsaya masa a ka ana harararsa. Ya ce in ba shi ba ne, ai zai isar da saƙo.

Duk wannan dariya nake yi. Ina ba matar yayana labari mu yi ta ƙyalƙyala, tana cewa ni dai na yi goshi, ana kishina har da matattu.

Sai ya jiyo maganar da ta ƙarasa shi. A wani zaman karatu bayan magariba wani ya tambayi malami, macen da ta auri maza biyu kuma duk suka shiga Aljanna, ta wa za ta zama? Ya dawo gida ko abinci bai taɓa ba. Washegari ya fara zagayen malamai, daga unguwarmu har Ƙuba, yana cewa wani abokinsa ne ya aiko shi. Ya tattaro amsa iri biyu. Wasu suka ce ta mijin ƙarshe ce. Wasu suka ce za a ba ta zaɓi, ta ɗauki wanda ya fi kyautata mata hali.

Da farko ya ga gara ya rufe ƙofa ta biyun, ya shiga kyautata hali da ƙarfin tsiya. Ya karɓe wanke-wanke, ya fasa mini tangaran ɗin da na gada daga uwata. Yana matsa mini ƙafa ko ba ta ciwo. Ya manna wani murmushi a fuska daga safe har dare, har maƙwabciyarmu ta tambaye ni a asirce ko shanyewar ɓarin jiki ce ta taɓa shi. Kyanwowin layi ma sai da ya fara yi musu sallama. Kuma duk abin da ya yi sai ya tsaya a kaina ya ce, marigayi yana yi miki haka? In na ce a'a, ya tafi yana taku ɗai-ɗai. In na ce e, sai ya maimaita aikin sau biyu.

Ranar da kyan halin ya ƙare, ina da aikin wani biki, ya nace sai ya taya ni suyar funkaso. Na fita karɓar saƙo, na dawo na tarar da kasko guda ya zama gawayi. Na yi faɗa, ya manta da murmushin ya rama, muka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo. Da ƙura ta lafa sai ya zauna ya ce ya sake nazari, hujjar malaman farko ta fi ƙarfi.

Daga nan muka sami hutu. Shi ne na ƙarshe, magana ta ƙare. Ya sauko da kujerar daga soro ya zauna a kanta ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Har addu'a ya riƙa yi wa marigayi cikin tausayi, yana cewa Allah ya musanya masa da wasu. Na ce alhamdu lillahi, ciwon ya warke.

Ashe da saura. Ya je asibiti a duba shi, aka ce sukarinsa ya hau, jininsa ma ya hau, wanda ban yi mamaki ba ga mai shan cokali uku don gasa da mamaci. Ya shigo gida daidai lokacin da na sungumi babbar tukunyar dambu ni kaɗai na ɗora a wuta. Ya tsaya a bakin ƙofar kicin yana kallona.

"Hajiya, ke kuwa ko mura ba kya yi?"

Na ce Allah ya rufa mini asiri da lafiya. Ya ce uwata shekara nawa ta yi a duniya. Na ce ta haura tamanin, kakata kuma ba a ma san adadin nata ba. Na ga ya nemi wuri ya zauna a ƙasa. A ranar ya gane cewa na ƙarshe ba ya zama na ƙarshe sai in babu wanda ya biyo bayansa. Ya girme ni, ga ciwo biyu. In ya riga ni tafiya na sake aure, shi ke nan ya zama na tsakiya, wanda ba malamin da ya ambata ko sau ɗaya.

Sai ya saki marigayi ya kama masu rai. Duk namijin da ke numfashi a Harra ta Gabas ya zama magajinsa. Yaron da ke kawo mana tukunyar gas, ɗan Bangaladash sa'an autata, aka hana shi hawa matakalarmu. Malam ya ce shi zai riƙa ɗaukowa, ya ɗauko sau ɗaya bayansa ya riƙe, na yi ta gasa masa da ruwan zafi. Mai kantin cefanen layinmu ya yi mini ƙarin tumatir biyu, aka daina sayayya a wurinsa. Akwai wani tsoho ɗan Chadi a ƙarshen layi, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, jikokinsa ke fito da shi a keken guragu ya sha iska. Malam ya ce ya lura duk lokacin da na fito shanya ake fito da shi, kuma irin waɗannan masu kamar sun mutu su ne ba sa mutuwa.

Ya nemi in dafa Alƙur'ani in rantse ba zan yi aure bayansa ba. Na ce ba ni da niyyar yi, amma ba na wasa da rantsuwa a kan abin da ke hannun Allah. Ya ce ga shi nan, ta fito. Ya karɓe wayata yana amsa wa masu neman girki. In mace ce ya miƙo mini, in namiji ne ya ce Hajiya ta daina sana'a. Na rasa bukukuwa da dama kafin in gane dalili.

Ya kuma shiga neman tsawon rai. Ya bar sukari, ya bar gishiri, ya koma cin kokwamba da ganye kamar zomo. Kullum da yamma yana wajen tattaki a gefen Aƙiƙ, cikin takalmin gudu da farar jallabiya, yana wurga hannuwa. A hanyar dawowa kuma sai ya tsaya ya sayo mini kayan kwaɗayin Larabawa, kunafa, da basbusa, da mutabbaƙ mai maiƙo yana ɗiga. Ya zauna gabana yana gatsar kokwamba yana cewa ci mana Hajiya, ƙara wannan, ai ba ki ci komai ba. Na daɗe ina ɗauka so ne. Matar yayana ce ta haɗa lissafin, muka yi dariya har hawaye, muka cinye kunafar tare.

Yayana bai yi dariya ba. Ya ce mutumin da ke auna wanda zai riga wani mutuwa ba abin wasa ba ne, in zo in zauna a wurinsu na ɗan lokaci. Na ce Yaya, tsufa ne da so suka haɗu masa, mutumin da tukunyar gas ta kayar me zai iya yi mini? Ko da na farka daga barcin rana wata ranar na same shi zaune a bakin gado, riƙe da wuyan hannuna yana jin bugun jinina, fuskarsa kamar ta wanda ya duba tukunya ya ga ba ta nuna ba, ban gaya wa yayana ba. Na gaya wa matarsa dai, ita ma a wannan karon dariyar tata ba ta yi nisa ba.

Da sanyi ya shigo aka yi ruwan sama, gari ya yi daɗi, Malam ya ce mu fita shan iska Wadin Baida. Wani kwari ne a bayan gari, wanda mutane suka fi sani da Wadin Aljanu, saboda akwai hanya a cikinsa da in ka kashe mota ka sake ta, sai ta riƙa tafiya da kanta tana ƙara gudu ta nufi Madina. Masu ilimi sun ce gangare ne da ido ke gani kamar hawa, sauran mutane kuma sun ce aljanu ne ke turawa. Iyalai na zuwa can da yara don su ga abin. Na yi murna, don rabon da ya fitar da ni wani wuri har na manta. Na soya waina, na cika fulas da shayi.

Ya fito cikin sabuwar jallabiya, ya gyara gemu, ƙamshin turare kamar ango. Daga baya na ji cewa da safiyar ranar ya bi maƙwabta yana neman gafara, har tsohon nan ɗan Chadi. Muka shimfiɗa darduma a ƙarƙashin wata bishiyar ƙaya. Ya ci waina da zuma, ya ƙara, ya ce in zuba masa sukari a shayi yadda hannuna ya saba. Na ce yau ina kokwamba? Ya ce ya gama da ita. Ya yi ta ba ni labari kamar farkon aurenmu, har na ce a raina ga mijina ya dawo.

Bayan la'asar muka kama hanyar gida. Da muka hau wannan shimfiɗaɗɗiyar hanya ya kashe injin kamar yadda kowa ke yi, mota ta fara gangarawa a hankali, ba ƙara sai ta tayoyi. Ina ta dariya ina cewa aljanun nan ba su da aikin yi. Gudu ya ƙaru. Duwatsun gefen hanya suka fara wucewa da sauri, na ce Malam, taka birki haka nan, mun gani.

"Hajiya, na samo mafita," in ji shi, da murya mai sanyi kamar zai gaya mini farashin albasa. "In muka tafi tare, babu wanda zai zo bayana."

Ya saki sitiyari, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya rufe ido, ya fara kalmar shahada.

Can gaba hanyar ta yi kwana, bayan kwanar kuma tarin duwatsu ne. Ban iya tuƙi ba, ban san abin da ake taɓawa ba. Abin da ya fara zuwa kaina, don Allah ya nuna mini ƙanƙantar ɗan Adam, shi ne shinkafar waina da na jiƙa a gida, wa zai niƙa ta. Na san in na yi ihu ƙara rufe ido zai yi. Sai na ji bakina yana magana a hankali, irin yadda nake yi wa jikokina.

"Malam, wanda ya kashe kansa da gangan, ina ya nufa?"

Shahadar ta tsaya.

"Ni da aka kashe ba da laifina ba, ina sa ran rahama. Kai kuma ka fi ni sanin inda za ka. To in na isa can ba ka nan, wa zan tarar yana jirana?"

Ya buɗe ido ɗaya. Ya ce, "Direban tanka."

"Shi fa. Kai da kanka za ka kai masa ni har ƙofar gida, a motarka."

Ban taɓa ganin tsoho ya yi saurin da ya yi ba. Ya cafki sitiyari ya danna birki, amma da yake injin a kashe yake, birkin ya yi tauri kamar dutse. Ya miƙe tsaye a kansa yana salati, ya finciki birkin hannu. Motar ta yi wani kuka, ta juya ta kalli inda muka fito, ta sake juyawa, ta sauka daga kwalta ta yi cikin yashi, ta je ta rungumi wata bishiyar ƙaya. Fulas ya fashe, sauran waina ta watsu a jikin gilashi. Hannuna na dama ya bugi gaban motar, na ji ƙas.

Da ƙura ta kwanta, ya juyo da hanci yana jini ya tambaye ni ko ina da rai. Na ce ina da shi. Har yau ban san ko daɗi ya ji ko haushi ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Wasu iyali da ke bayanmu suka tsaya. Matan suka fito da ni suka sa ni a motarsu, wata tsohuwa a cikinsu ta riƙe kaina a kafaɗarta har asibiti. Ina jiyo Malam yana gaya wa mazan cewa aljanun wurin ne suka ƙwace masa sitiyari, suna ta jinjina kai, wani ma yana cewa an taɓa yi wa kawunsa haka. Sai da aka ɗaure mini hannu, yayana ya shigo ɗakin ya zauna, sannan na buɗe baki. Na gaya masa komai, har da maganar jin bugun jini. Bai ce ai na gaya miki ba. Ya cire rawanin kansa ya lulluɓa mini a kafaɗa, ya fita neman ɗan Malam.

Daga asibiti gidan yayana a Jurf aka wuce da ni. Na daɗe ba na iya shiga mota sai na rufe ido, kuma na daɗe ban ba kowa labarin Malam don a yi dariya ba. Ya zo biko da dattawa, ya yi kuka, ya ce sharrin shaiɗan ne, ya ce ai ya taka birki. Na ce ya taka, amma ba don ni ya taka ba. Da aka zo maganar saki ya ƙi, domin ya riga ya tambaya an gaya masa wanda ya saki ba ya cikin lissafi. Yayana ya ce masa ya zaɓa, ko ya sauwaƙe mini cikin mutunci, ko a je gaban hukuma in faɗi abin da ya faru a kwarin da bakina. Ya sauwaƙe. Ɗansa, yaron kirki, ya karɓe makullin mota, ya mayar da shi gidansa, ya riƙa kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ni kuma da hannu ya warke na koma gidana da tukwanena, sai dai har yanzu da hagu nake juya dambu.

An fi shekara sai matar yayana ta zo mini da labari, wai Malam ya yi aure. Na ce wace baiwar Allah ce? Ta ce wata gwaggo ce a bayan layinsu, ta haura tamanin, a keke ake tura ta. Ashe ya zauna ya yi nazari ya ga kuskurensa na farko shi ne auren mai lafiya.

Na kasa zama. Na ce ko me za a ce, sai na je na gaya wa tsohuwar nan abin da na sani. Muka same ta a tsakar gida cikin jikoki da tattaɓa-kunne, ƙarti majiya ƙarfi suna shiga suna fita, tana goga goro a magogi tana zubawa a baki. Malam ya tafi masallaci. Na durƙusa na gaishe ta, na zayyana mata komai tun daga shayi har bishiyar ƙaya. Ta saurara har na gama, tana tauna.

"Na ji, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka," in ji ta. "Yaran nan sun gaya mini tun kafin a ɗaura. Ni ba na shiga mota, kuma ba a barina ni kaɗai ko da rana. Yana tura ni Harami, yana matsa mini ƙafa, yana ba ni dariya. Me zan nema kuma?"

Na ce Gwaggo, jira yake ki riga shi.

Ta ce ta sani. Ta ce maza uku ta aura kafin shi, kowannensu da bakinsa ya yi mata alkawarin zai tsaya a kan jana'izarta, kuma duk ukun ita ta yi musu takaba. Sannan ta tambaye ni ko ni ce mai kunun gyaɗar nan da ake magana, ta ce in aiko mata da shi ranar Juma'a, kada in cika tsamiya.

Ina aika mata duk Juma'a. A watan jiya na hango su a farfajiyar Harami bayan la'asar, yana tura ta yana haki, ya tsaya ya dafa ƙugu, ita kuma tana nuna masa gaba da sandarta tana cewa ya ƙara sauri za su rasa inuwa.